Wa Aka Yarda da Maganarsa? Taƙaddamar da Ta Biyo Fim ɗin Jefferson

A watan Fabrairun 1997 tashar PBS, wadda Amurkawa ke ɗauka a matsayin talabijin ɗin ilimi na jama'a, ta nuna wani shirin tarihi na awa uku, cikin dare biyu, a kan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku. Ken Burns ne ya shirya shi, mutumin da a 1990 ya zaunar da kusan mutum miliyan 40 a gaban akwatin talabijin da shirinsa na yaƙin basasar ƙasar. Ɗan wasa Ossie Davis, baƙar fata kuma tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, shi ne mai ba da labari, Sam Waterston kuma ya ari bakin Jefferson yana karanta wasiƙunsa. An gama nunawa, sai surutu ya tashi, kuma har yau duk lokacin da aka sake nuna shirin ko aka saka shi a aji, surutun nan ne yake dawowa, da kusan kalmomi iri ɗaya.

Kafin a shiga abin da masu kallo suka ce, sai an san wane ne ake magana a kansa. An haifi Jefferson a 1743 a Bajiniya, lokacin tana ƙarƙashin Ingila. Yana da shekara 33 ya rubuta takardar ayyana 'yancin kan Amurka ta 1776, wadda ta ce an halicci mutane duka daidai, kuma kowa na da haƙƙin da ba mai ƙwace masa. Ya yi gwamnan jiharsa, ya yi jakada a Faransa, ya yi sakataren harkokin waje, ya yi mataimakin shugaba, sannan ya mulki ƙasar daga 1801 zuwa 1809. Wato yana kan kujera lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A 1803 ya sayi yankin Louisiana daga hannun Napoleon a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya kusa ninkawa. Ya rasu ranar 4 ga Yulin 1826, daidai cikar shekara 50 da takardar da ya rubuta, kuma a ranar ce abokinsa kuma abokin hamayyarsa John Adams ya cika. Amurkawan wancan zamani sun ɗauki wannan dacewa a matsayin ishara daga Ubangiji.

Mutumin nan kuma ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Biyu kaɗai ya 'yanta a hukumance yana raye, biyar a wasiyyarsa, dukkansu daga zuriya ɗaya, ta Hemings. Ya mutu da bashin da ya haura dala dubu 100, kuma a Janairun 1827 aka buga gwanjon kayan gidansa na Monticello, cikin kayan har da mutane kimanin 130.

Masu kallo sun rabu, amma ba gida biyu cif-cif ba. Akwai waɗanda suka ji an ci mutuncin uban ƙasa. Hujjarsu ita ce ba a auna mutumin jiya da mudun yau: a cikin bauta aka haife shi, ya gaji bayi daga mahaifinsa da surukinsa, kuma dokar Bajiniya ta sa 'yanta bawa ya yi wuya ga mai bashi, tunda masu bin bashi na iya kama bawan. Suna tuna wa mutane cewa a daftarinsa na farko na takardar 'yanci ya zargi sarkin Ingila da cinikin bayi, majalisa ce ta goge wurin, kuma shi ya sa hannu a dokar 1807 da ta hana shigo da bayi daga Afirka. Suna kuma kafa hujja da dokar 'yancin addini da ya tsara wa Bajiniya, wadda aka zartar a 1786, wadda shi da kansa ya bayyana daga baya cewa kariyarta ta haɗa da Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde. Wannan ɓangaren na tarihinsa ba ƙarami ba ne. Yana ɗalibin lauya a 1765 ya sayi fassarar Alƙur'ani ta George Sale, kuma wannan kwafin ne Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar wakilan Amurka, ya dafa a bikin rantsuwarsa a 2007. A 1805 ma, da jakadan Tunis ya ziyarci Washington cikin Ramadan, Jefferson ya ɗaga lokacin liyafar zuwa faɗuwar rana.

Akwai kuma waɗanda suka ga cewa Burns ya yi wa mutumin sassauci, ya lulluɓe laifi da kiɗa mai taushi da hasken la'asar. Su ma ba su rasa abin kamawa ba. Idan zamani ne uzuri, to George Washington ma ɗan zamanin ne, ɗan Bajiniya ne, kuma ya rubuta a wasiyyarsa a 'yanta bayinsa. Robert Carter, wani attajirin jihar, ya fara 'yanta bayi kimanin 500 tun daga 1791. Wani saurayi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya rubuto wa Jefferson a 1814 yana roƙonsa ya jagoranci yunƙurin kawar da bauta. Tsohon ya ba shi haƙuri, ya ce aikin na matasa ne, ya ma shawarce shi da ya zauna a Bajiniya da bayinsa. Coles bai ji ba, ya kwashe su ya nufi Illinois ya sallame su. Ga kuma littafin da Jefferson ya rubuta game da jiharsa, inda ya bayyana zatonsa cewa baƙar fata ba su kai farar fata hankali ba. Ga masana'antar ƙusa da ke bayan gidansa, inda yara maza bayi 'yan shekara 10 zuwa 16 ke wuni suna dukan ƙarfe, shi kuma yana auna abin da kowane yaro ya ɓarnatar. Iskar lokacin ma ta taimaka wa masu wannan ra'ayi. A 1996 marubucin Ireland Conor Cruise O'Brien ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Amurka mai launuka da yawa ba za ta iya ci gaba da riƙe Jefferson a sahun waliyyanta ba, kuma mutane ba su manta ba cewa Timothy McVeigh, wanda ya tayar da bam a Oklahoma a 1995, an kama shi sanye da riga mai ɗauke da wata maganar Jefferson kan zubar da jini domin 'yanci.

Wannan jayayyar ta yabo da zagi tsohuwa ce, kuma a ganina ba ita ce mai ban sha'awa ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake gardama kan wani sarki ko wani ɗan siyasar jamhuriya ta farko ya san yadda take tafiya: wannan ya jero alherai, wancan ya jero ta'asa, a tashi ba wanda ya gusa. Burns bai ɓoye bautar ba, ya ba ta wuri mai faɗi. Inda gizo yake saƙar shi ne wasu 'yan mintoci a cikin shirin, inda aka zo kan sunan wata baiwa, Sally Hemings.

Labarinta a taƙaice shi ne. An haife ta wajen 1773. Mahaifinta John Wayles ne, surukin Jefferson, wanda ya haife ta da baiwarsa Elizabeth Hemings. Ke nan Sally ƙanwar matar Jefferson ce ta wajen uba, ta kuma shigo gidansa tana jaririya a cikin dukiyar gado. Matar, Martha, ta rasu a 1782, Jefferson bai sake aure ba. A 1787 aka tura Sally, tana 'yar shekara 14, ta raka ƙaramar 'yarsa zuwa Paris, inda yake jakada yana da shekara 44. Suka dawo a 1789. Daga nan ta haifi 'ya'ya aƙalla shida, huɗu suka rayu: Beverly, Harriet, Madison da Eston. Baƙi da ke zuwa Monticello sun sha lura cewa akwai bayi masu kama da maigida ƙwarai. A 1802 wani ɗan jarida mai suna James Callender, wanda Jefferson ya taɓa ɗaure wa gindi sannan suka ɓata, ya buga a wata jaridar Richmond cewa shugaban ƙasa na ajiye da baiwa yana haihuwa da ita. Jefferson bai taɓa tanka maganar a bainar jama'a ba.

A 1873 Madison Hemings, lokacin yana dattijo kafinta a Ohio, ya ba wata ƙaramar jarida labarin rayuwarsa. Ya ce Jefferson mahaifinsa ne. Ya ce a Paris uwarsa ta san dokar Faransa za ta iya ba ta 'yanci, ta ƙi komawa, sai da Jefferson ya yi mata alkawarin cewa duk ɗan da ta haifa zai 'yantu in ya kai shekara 21. Abin da ya faru ya yi daidai da hakan: Beverly da Harriet sun bar Monticello a 1822 ba a bi sawunsu ba, Madison da Eston kuma suna cikin biyar ɗin wasiyya. Wani tsohon bawan gidan, Israel Jefferson, ya tabbatar da maganar a jaridar a shekarar. A ɗaya gefen kuma akwai jikokin Jefferson farar fata biyu, waɗanda suka ce uban yaran ɗaya ne daga cikin 'ya'yan 'yar'uwar Jefferson, 'yan gidan Carr. Jika namiji ya ce Peter ne, jika mace ta ce Samuel ne.

Shaida biyu ke nan a gaban alƙali, duka daga cikin gida, duka daga masu abin karewa. Fiye da shekara ɗari manyan masana tarihin Jefferson, irin su Dumas Malone da ya rubuta masa tarihi mujalladi shida, suka karɓi ta jikoki hannu biyu, suka ce ta Madison tatsuniyar bayi ce ko kuma wani ɗan siyasa ne ya sa masa magana a baki. Babbar hujjarsu ita ce ɗabi'a: mutum mai kamun kai irin Jefferson ba zai aikata haka ba. Da Fawn Brodie ta fitar da littafi a 1974 tana gaskata Madison, sai aka yi mata caa, aka ce ta bar tarihi ta koma duba.

A wannan yanayin Burns ya ɗauki shirinsa. Ya kawo Joseph Ellis, wanda littafinsa kan Jefferson ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasa a shekarar, ya nuna cewa da shari'a ce a gaban masu yanke hukunci marasa son rai, da an wanke Jefferson. Ya kawo John Hope Franklin, uban masana tarihi baƙar fata, wanda ya juya tambayar gaba ɗaya: ko ya kwana da ita ko bai kwana ba, mallakarsa ce, yana da iko ya yi mata duk abin da ya ga dama, kuma nan ne laifin yake. Shirin ya bar maganar a buɗe, ya wuce. Ga mafi yawan masu kallo farar fata wannan adalci ne, an ji daga kowane ɓangare. Ga iyalai da yawa baƙar fata, waɗanda suka taso da irin wannan labari a gidajensu, na wani kaka fari da ba a ambatar sunansa sai a ɗaki, abin ya zama kamar a tara jama'a a yi muhawara kan ko rana na fitowa daga gabas.

Mai karatu Bahaushe zai iya tambaya, to mene ne na ɓoyewa? Ai a ƙasar Hausa ƙwarƙwara ba abin rufewa ba ce, sarakuna nawa ne uwayensu sa-ɗaka ne? Amsar tana cikin bambancin doka. A fiƙihun Malikiyya ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa ɗa ne, yana ɗaukar nasabarsa, yana cin gadonsa, uwar kuma ta zama ummul waladi, ba a sayar da ita, ta 'yantu in ya mutu. Bajiniya ta bi akasin haka. Dokarta ta 1662 ta ce yaro yana bin matsayin uwarsa, don haka mutum na iya haifar ɗa ya rubuta shi a littafin gona tsakanin dawaki da buhunan alkama. Haka Jefferson ya rubuta haihuwar 'ya'yan Sally, da suna da shekara, ba uba. Tsarin bautar Amurka ya ginu ne a kan cewa fari daban, baƙi daban, saboda haka amincewa da cewa marubucin takardar 'yanci ya haɗa jini da baiwarsa zai taɓa tubalin ginin. Ba na kawo wannan don mu bugi ƙirji ba. Muna da rinji da cucanawa da kasuwannin bayi namu, sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, kuma yarinyar da aka kamo aka sa a ɗaka ba a tambaye ta ra'ayinta ba, kamar yadda ba a tambayi Sally ba.

Abin da ya sa shirin Burns ya zama abin nazari shi ne ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa tun bai huce ba. A shekarar 1997 ɗin wata lauya baƙar fata mai koyar da shari'a, Annette Gordon-Reed, ta fitar da littafin da bai kawo wata sabuwar takarda ta a zo a gani ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki shaidun da kowa ya sani ta yi musu tambayar lauya: me ya sa aka binciki kowace kalma ta Madison amma aka bar jikoki suna saɓa wa juna ba a ce komai ba? Me ya sa ba a kula da cewa Sally ba ta taɓa ɗaukar ciki ba sai Jefferson yana Monticello, alhali ya kan yi watanni, wani lokaci kusan shekara, ba ya gida? Me ya sa duk cikin ɗaruruwan bayinsa 'ya'yan mace ɗaya ne kaɗai suka fita gaba ɗayansu? Sannan a Nuwamban 1998 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta da wani likita mai ritaya, Eugene Foster, ya jagoranta. An bi ƙwayar gadon da ke wucewa daga uba zuwa ɗa namiji kawai. Tunda Jefferson bai bar ɗa namiji daga matarsa ba, sai aka ɗauki jinin zuriyar baffansa, Field Jefferson. Ya dace da na wani daga zuriyar Eston Hemings. Bai dace da na 'yan gidan Carr ba. Labarin da aka riƙe shekara ɗari da ɗoriya ya rushe a shafi biyu.

Ellis ya fito ya ce ya sauya ra'ayi, har ya sa hannu a maƙalar da ta raka sakamakon. Wasu sun yi zargin siyasa, domin an fitar da labarin ne ana cikin badaƙalar lalata ta shugaba Bill Clinton, 'yan kwanaki kafin zaɓen majalisa, kamar ana son a ce ai tun iyayen ƙasa haka ake. A Janairun 2000 gidauniyar da ke kula da Monticello ta fitar da rahoto cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi Jefferson ne uban Eston, kuma mai yiwuwa na duka shidan. Tsugune ba ta ƙare ba. A 2001 wani kwamitin masana da wata ƙungiyar masu kare sunan Jefferson ta kira ya ce ba a tabbatar ba, ya nuna ƙanen Jefferson, Randolph. A nan dole a faɗi gaskiya: gwajin shi kaɗai bai ce Thomas ba, ya ce wani namiji ne daga gidan Jefferson, kuma kan labarin da mujallar ta sa ya zarce abin da gwajin ya nuna. Amma sunan Randolph bai zama babbar hujja ba sai bayan da na Carr ya faɗi, kuma mutumin da yake canza wanda yake zargi duk lokacin da aka wanke na baya, shi ne ya kamata a fara tambaya.

Laifin Burns, in laifi ne, ya fi ƙarfin niyyarsa. Yana cikin sana'ar kanta. Salonsa sananne ne: kyamara ta yi tafiyar hawainiya a kan tsohon hoto, murya tana karanta wasiƙa, goge na kuka a baya. Har kamfanin Apple ya sa wa wannan dabarar sunansa a manhajar haɗa bidiyo. To Jefferson ya mutu kafin zuwan ɗaukar hoto, saboda haka Burns ya cika idon mai kallo da zanen fuskarsa, da ɗakunan Monticello babu kowa, da teburin rubutu, da rana tana shigowa ta taga. Mutumin ya bar wasiƙu kimanin dubu 19, kuma ya iya magana. Duk wanda ya saurari Waterston yana karanta baƙin cikinsa na rasuwar matarsa zai ji ya shiga ransa. Sally Hemings ba ta bar wasiƙa ko ɗaya da aka sani ba, ba zanen fuskarta, ba a ma san kabarinta ba. Shirin da abincinsa takarda da hoto ne, ko mai shi bai so ba, zai karkata ga wanda ya bar takarda da hoto. Awa uku kana cikin kan ubangida kana jin yadda bauta ke damun zuciyarsa, bayin kuma sunaye ne a jeri. Shi ya sa kalmar da ta fi yawo a bakin masu yabon shirin ita ce Jefferson mutum ne mai wuyar fahimta, mai cin karo da kansa. Kalma ce mai daɗin ji, amma tana mai da abin da ya faru da mutum 600 ya zama matsalar zuciyar mutum ɗaya. Ga yaron da ke dukan ƙusa, babu wani abu mai wuyar fahimta a lamarin.

An taɓa yi wa Burns irin wannan suka a shirin yaƙin basasa, cewa ya ba marubuci Shelby Foote, mai daɗin baki da tausayin sojojin Kudu, fili fiye da Barbara Fields, wadda ke ta nanata cewa bauta ce tushen yaƙin. Da ya dawo kan iyayen ƙasa a 2022 da shirin awa huɗu kan Benjamin Franklin, ya tsaya sosai kan cewa Franklin ya mallaki bayi, jaridarsa ta buga tallan sayar da su, kafin a ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pennsylvania. Masu ƙorafin an ɓata sunan magabata suka sake tashi, masu cewa bai isa ba su ma suka tashi. A tsakanin shirye-shiryen biyu an tumɓuke mutum-mutumin Jefferson a wata makaranta a Portland a 2020, majalisar birnin New York kuma ta fitar da nata daga zaurenta a 2021.

A Monticello kanta sauyin ya bi wata hanya mai natsuwa. Tun 1993 ma'aikatan gidan suka fara bin zuriyar bayin suna naɗar labaran da suka gada daga kakanni. Gordon-Reed ta ci kyautar Pulitzer a 2009 da littafinta kan zuriyar Hemings. Amma ƙungiyar jikokin Jefferson ta wajen matarsa, wadda ke riƙe da maƙabartar gidan, ta kaɗa ƙuri'a a 2002 ta ƙi shigar da zuriyar Sally. Ita Sally ba a taɓa rubuta mata takardar 'yanci ba; 'yar Jefferson ce ta bar ta ta tafi bayan rasuwarsa, ta zauna da 'ya'yanta biyu a Charlottesville har ta rasu a 1835. A Yunin 2018 gidauniyar ta ce a wurinta magana ta ƙare, Jefferson ne uban yaran, ta kuma buɗe wa maziyarta ɗaya daga cikin ɗakuna biyu da ake jin Sally ta zauna, ɗaki marar taga a gefen ginin, wanda a 1941 aka mayar da shi bayan gida na maza masu yawon buɗe ido. Masu shirya ɗakin sun ƙi ƙirƙiro mata fuska. Inuwa suka haska a bango, bayanin da ke tare da ita kuma an ɗauko shi ne daga abin da Madison ya faɗa wa jaridar Ohio a 1873.